Babi na Bakwai: Neman Tambuwal a Gidan Takardu na Kaduna

Duk wanda ya yi niyyar sanin tarihin Tambuwal sani na tahaƙiƙi, ba irin wanda ake tsinta a bakin maroƙa ranar hawan salla ba, ko da yake shi ma wannan yana da tasa fa'ida, to, lalle ne ya ɗaura ɗamarar barin Tambuwal ɗin, domin abin da aka rubuta game da garin da mutanensa ya warwatsu, wani yana Sakkwato, wani Zariya, wani Ibadan, wani ya haye teku, mafi yawan abin da ya shafi zamanin Nasara kuwa yana Kaduna, a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa. Wannan abin mamaki ne ga garin da ɗan Mujaddadi ya zauna, watau Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da su, wanda ya tashi a hannun baffansa Malam Abdullahi, ya sha karatu gare shi, ya shahara da waƙar Larabci kamar yadda ya shahara da riƙon tuta, sa'an nan ya riƙe Tambuwal ta zama ribaɗi mai tsare kudancin Sakkwato, zuriyarsa kuma suka ci gaba da riƙon ta a bayansa, har lokacin da Kabawa suka sake ɗaga kai daga Argungu a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, tsaron wannan gefe ya zama aikin dare da rana.

Kafin mu shiga gidan na Kaduna ya kamata a kawar da wani wahami, shi ne zaton da wasu 'yan boko ke yi cewa tara littattafai a ɗaki guda da kiyaye su al'ada ce da ta zo tare da Bature. Shaidun da za su rushe wannan zato Turawa ne da kansu. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya komo Sakkwato zuwansa na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littattafan Larabci bugun ƙasar Turai, ciki da littafin Uƙlidisu na ilmin handasa da wani na Ibn Sina, kuma shi Clapperton ya rubuta cewa Bello ya shaida masa dā ma gidansu suna da Uƙlidisu, wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi a shekarar da ta gabata. Bayan wannan da shekara ashirin da bakwai, a 1853, Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarimu, ya sauka Gwandu, wadda ba ta da nisa da Tambuwal, a can kuma wani malami ya ba shi aron Tarihus Sudan, littafin da Abdurrahman Assa'adi ya wallafa a kan Sangai da Tambutu, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ya kuma ɗauka bisa kuskure talifin Ahmad Baba ne. Ta hanyar wannan aro ne malaman Turai suka fara sanin jerin sarakunan Sangai. Sunan malamin da ya ba da aron Buhari, amma ba na Tambuwal ba ne, kuma a nan ya kamata mai bincike ya yi hattara, gama ƙaunar da mutanen jihadi suka yi wa Imamu Buhari mai Sahihi ta sa sunan ya yawaita a takardunsu: akwai Buhari ɗan Shehu, akwai Buhari ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega, akwai kuma Waziri Buhari wanda Nasara suka iske a Sakkwato, mai gaggawa kuwa sai ya ɗora wa wannan aikin wancan.

Ran 15 ga watan Maris 1903 aka yi karon Giginya, Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli. Daga cikin abin da masu nasara suka ɗebe akwai wasiƙun Larabci da suka tarar a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan gabas suka riƙa aikowa suna ba da labarin matsowar Nasara, su ne H. F. Backwell ya fassara aka buga a Ikko a 1927. Ana iya cewa daga wannan rana takardun ƙasar Sakkwato suka rabu gida biyu. Razdan na farko a Sakkwato, Manjo Burdon, mutum ne mai kwaɗayin labarun ƙasa, ya sa malamai suka rubuta masa tatsuniyoyi da tarihi da ajami, ya miƙa wa Frank Edgar, shi kuwa ya ƙara da nasa ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Wani Razdan, E. J. Arnett, ya tsara littafin bayanin Lardin Sakkwato a 1920, ya kuma juya ma'anar Infaƙul Maisuri na Bello zuwa Turanci a 1922. Duk wannan himma ce ta ɗaiɗaikun mutane. Tunanin a kafa gida musamman domin ajiya bai zo ba sai da rana ta yi wa mulkin mallaka la'asar, kuma ba daga Bature ya fito ba, daga wani masanin tarihi ne ɗan ƙasa, Dakta Kenneth Dike, wanda ya zagaya ofisoshin gwamnati a farkon shekarun 1950 ya ga yadda gara da ruwa ke cin fayiloli, ya rubuta rahoto, aka buɗe ofishin ajiya a Ibadan a 1954, aka yi masa doka a 1957, sa'an nan aka yi rassa a Enugu da Kaduna. Kaduna kuwa ta cancanta, domin tun 1917 da aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru, can ne kowane rahoton Razdan yake ƙarewa.

Daga Tambuwal hanya ta bi ta Sakkwato da Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa da Zariya, tafiya ce ta wuni, a wannan zamani kuma ba a yin ta sai da sammako da addu'a. Gidan yana kan titin Yakubu Gowon, gini ne marar alfahari, wanda mai wucewa a mota ba zai waiwaya ya dube shi ba. Baƙo yakan rubuta sunansa da abin da ya kawo shi, a kai shi ɗakin karatu, a ajiye masa kundayen jeri, waɗanda a cikinsu aka lissafa fayiloli lardi lardi. Na Lardin Sakkwato alamarsu SOKPROF, na ofishin Sakataren Jihar Arewa kuwa SNP, kuma wanda ke neman Tambuwal ko Kebbe ko Dogon Daji dole ya bi duka biyu, domin takarda takan taso daga gunduma ta kwana a lardi ta ƙare a Kaduna, a kowane zango kuma wani ya ƙara mata kalma. In ya ga abin da yake so sai ya rubuta lambar a 'yar takarda, ma'aikaci ya shiga ciki ya fito da shi.

Fayil ɗin zamanin En'e abu ne da ya kamata a tsaya a dube shi kafin a karanta. Bangonsa kwali ne da ya koɗe, an huda kusurwar takardun an zura musu ɗan zare mai ƙarfe a kai biyu, inda aka taɓa maƙala allura kuwa tsatsa ta bar tabo ja ta huda waraƙa biyu ko uku. Wasu shafukan bugun tafireta ne, wasu kwafin kabon ne a takarda shara-shara wadda ake ganin yatsa ta bayanta, wasu kuma hannun Di'o ne da ya rubuta a barikin rangadi da fitilar ƙwai. A gefen shafi sai ka ga Razdan ya ja layi ya sa tambaya, Di'o ya amsa a ƙasa, wani na sama da su duka ya rufe maganar da kalma biyu da harufan farkon sunansa. Can tsakiyar fayil, ba zato, sai ga wasiƙar Larabci da hatimin Sarkin Musulmi a samanta, rubutun magatakarda baƙi wuluk kamar jiya aka yi shi, alhali fassarar Turancin da aka liƙa mata ta dushe har sai an karkata ta wajen taga.

Abin da ya fi yawa a waɗannan fayiloli, kuma ya fi amfani ga mai neman tarihin gundumomi, shi ne rahoton ƙidayar haraji. Gwamna Lugga ya shimfiɗa ƙa'idarsa a cikin umarnin da ya tattara wa ma'aikatansa a 1906: a bi gunduma ƙauye ƙauye, a ƙirga maza da mata da yara, a kimanta gonaki da abin da suke bayarwa na gero da dawa da auduga, a lissafa masaƙa da marina da maƙera da mahauta, a ƙirga shanu domin jangali, kafin duk wannan kuma a rubuta taƙaitaccen tarihin garin da silsilar masu sarautarsa. Mai karatu na yau, da ya ga lissafi jere cikin layuka da alƙaluma har da ɗigo, sai zuciyarsa ta natsu, ya ɗauka ya sami yaƙini. Ra'ayina shi ne a karɓi waɗannan alƙaluma da hannu ɗaya. Baturen da ya rubuta su sau da yawa saurayi ne da bai daɗe da fara jin Hausa ba, tsakaninsa da talaka akwai tafinta da ɗan sandan gwamnati da yaran hakimi, wanda ake tambaya kuwa ya san sarai kowace amsa tasa kuɗi ce za ta zama. Bafillacen da ya ji labarin mai ƙirga ya kwana a Kebbe ba zai jira shi da garkensa a bakin gulbin Zamfara ba, zai kora rabi cikin dajin Kuchi, magidanci kuma zai manta da ɗa ɗaya ko biyu. Tarihin da ke farkon rahoton ma daga zauren mai riƙe da sarauta a wannan shekara aka ɗauko shi, saboda haka gidan da aka ture daga gadon sau da yawa ba ya samun ko layi guda.

Amma duk da wannan aibi, akwai abin da fayilolin Nasara suka riƙe wanda littattafan malamanmu ba su riƙe ba, kuma adalci ya wajabta a faɗe shi. Malaman jihadi sun rubuta fiƙihu da tauhidi da siyasar shari'a, sun rubuta yaƙe-yaƙe da karamomi da marsiyyar manyansu, amma ba su ga dalilin rubuta sunan mai saƙa ko kuɗin damin dawa ba. A Kaduna ne za ka sami waɗannan. A can ne kuma za ka sami rajistar bayin da suka fanshi kansu ko aka 'yanta su a gaban alƙali bayan shelar 1901, wadda ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne: ga sunan baiwa, ga ƙabilar da aka kamo ta, ga kimanin shekarunta, ga wanda ya biya fansa da abin da ya biya. Bauta ba ta haramta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Waɗannan mutane kakannin wasu ne da ke zaune yau a garuruwanmu, kuma in ba domin wannan lissafi na masu mulkin mallaka ba, da babu inda aka ambace su da alƙalami.

Bugaggun littattafai na dā, irin su ƙamus na Bargery na 1934, da littafin Palmer mai juzu'i uku na 1928, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara a Janairun 1939, ana samun su a nan ko a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ke cikin garin. Suna da daraja, amma an buga su da yawa, wanda ya rasa a Kaduna zai samu a Zariya ko Landan.

Abin da ba shi da na biyu shi ne rubutun hannu, domin kowane kwafi shi kaɗai ne irinsa a duniya. Littafin malaman ƙasar Hausa ba a ɗinke shi, waraƙu ne sake, a haɗa su tsakanin kwali biyu ko tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, a sa a gafaka, hikimar kuwa ita ce malami ya iya raba wa almajirai goma littafi guda a zama ɗaya. Domin kada tsari ya rikice, mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta waraƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, ita ce lambar shafinsu. In ka ɗaga waraƙar ka sa ta tsakaninka da haske, sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, wani lokaci da fuskar wata cikin garkuwa, alamar masana'antun arewacin Italiya ke nan, musamman gidan Galvani na Pordenone, waɗanda takardarsu ta riƙa biyo Tarabulus da Masar ta ratso hamada a kan raƙuma. Tawadar kuwa ta gida ce, ta bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro, an ƙawata kan babi da sunan Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, da ja. Tsakanin layuka, waɗanda aka bar musu fili da gangan, ɗalibi ya cusa ma'anar kalma mai wuya da Larabci mai sauƙi, ko da Fulatanci, ko da Hausa, kuma sau da yawa wannan ƙaramin rubutu ya fi matanin faɗa mana yadda aka yi karatu a zaure.

A ƙarshen littafi mai kwafi yakan ambaci sunansa da na wanda ya yi wa aikin, ya roƙi gafara ga kansa da mahaifansa, wani lokaci ya sa shekara, ba da alƙaluma ba, da ramzi. A nan akwai tarko. Malamanmu hisabin Magrib suke bi, inda shin take dubu, ba hisabin gabas ba inda take ɗari uku. Shekarar 1227 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1812, shekarar da Bello ya kammala Infaƙu, in za a sa ta a ramzi sai a haɗa shin da ra da kaf da zai, dubu da ɗari biyu da ashirin da bakwai; wanda ya koyi abajada a littafin Masar kuwa zai karanta 527, ya mai da littafin baya da shekara ɗari bakwai cif.

To, me littafi ya samu, me kuma ya rasa, da aka ɗauko shi daga gafaka aka ba shi lamba? Ya tsira daga gobara irin wadda ta ci Uƙlidisun Bello, ya tsira daga ɗigar soro, ya kuma tsira daga abin da ya fi su duka ɓarna, watau rabon gado, inda ake kasa littattafan mamaci tsakanin magada, har wani lokaci juzu'in farko na littafin Muhtasar ya tafi gidan wannan, na biyu gidan wancan, wanda ba ya karatu kuma ya jefa rabonsa cikin adaka. Ya sami masu karatu daga nesa, har ma Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ba da tallafi an ɗauki hoton wasu takardun Larabci na Kaduna an sa a intanet. Abin da ya rasa shi ne silsila. A wurin malamanmu littafi ba a karanta shi daga takarda kawai, ana ɗaukarsa ne daga bakin wanda ya ɗauka daga bakin wani, har a dangane da mawallafi, a ƙarshe a ba da ijaza. Na taɓa zama gaban wani dattijon malami a Tambuwal yana nuna mini abin da ya gada, da na ga gefen wasu waraƙun ya fara zuba sai na ce, "Allah Ya gafarta Malam, me zai hana a kai su inda za a adana?" Ya mai da waraƙar wurinta, ya daidaita gefen da tafin hannu, ya ce, "Ɗana, wanga littafi kakana ya karance shi ga malaminai, ni kuwa na karance shi ga babana. In an kai shi can, wa za ya biya ma yara shi?" Hujjarsa tana da ƙarfi, ko da yake ba ta hana gara aikinta.

Mutumin da ya nuna ana iya haɗa hanyoyin biyu shi ne Wazirin Sakkwato Junaidu, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a 1906, ya hau wazirci a 1948, ya rasu a 1997. Bai sallama littattafan gidansu ba, bai kuma kulle su ba. Ya bar masu bincike suka zauna gabansa, aka ɗauki hoton abin da za a ɗauka, shi kuma yana warware musu abin da takarda ba ta faɗa ba, wane ne wane, wace wasiƙa ce amsar wace. Da wannan taimako Murray Last, ɗalibin H. F. C. Smith wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya rubuta littafinsa a kan Daular Sakkwato da ya fito a 1967, littafin da ya dogara ga takardun Larabci na mutanen daular fiye da rahoton waɗanda suka ci ta. Kafin wannan W. E. N. Kensdale ya tara wa Jami'ar Ibadan rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello a shekarun 1950, bayansa kuma aka kafa gidan tarihi na jiha a Sakkwato wanda yau ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, shi ne zangon farko ga ɗan Tambuwal kafin ya kama hanyar Kaduna. A 1995 John Hunwick ya fitar da babban kundin da ya lissafa mawallafan Larabci na wannan sashe na Afirka da inda kwafin kowane talifi yake, Muhammadu Buhari ɗan Shehu kuwa yana ciki da waƙoƙinsa.

Sai dai kundi ba ya lissafa sai abin da aka nuna wa mai kundi, a zaurukan Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe kuwa akwai gafakun da ba a kwance wa baƙo ba. Aikin da ya rage na 'yan ƙasar ne waɗanda suka haɗa Larabci da boko, kuma ba ya bukatar a raba kowa da abin da ya gada: a nemi izinin mai littafi ta hannun wanda yake jin nauyinsa, a zauna a zaurensa a gabansa, a rubuta sunan talifi da mawallafi da mai kwafi, da adadin waraƙu, da layin farko da na ƙarshe, da sunan malamin da aka karanta shi gare shi, a ɗauki hoto da waya in ya yarda, a bar masa kwafin jerin a hannunsa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne rani, bayan an kai amfanin gona gida, amma ban da watan azumi, gama a lokacin malaman suna kan tafsiri.